Gilashin Da Ke Bangon Kaka

Akwai wata budurwa da 'yan gidansu ke kira Mai Kwano. Karatun fasahar gine-gine take yi a jami'a. Tun ranar da ta shigo gida da wata rawayar hular kwano a ka, irin wadda ake sawa a wurin gini, sunan ya manne mata har ya kusa shafe na yanka.

Idan ana zancen jami'a, wasu kan ɗauka zama ne a ƙarƙashin fanka ana rubutu. Nata karatun ba haka yake ba, jama'a. Yau tana cikin rana tana leƙa na'urar awon ƙasa. Gobe tana kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, ta zuba a ƙananan akwatuna, in ya bushe a sa a inji a matse har ya fashe, don a san iya nauyin da zai ɗauka. Takan dawo hutu hannunta ya yi kanta kamar na lebura, kuma ko a jikinta.

Mahaifinta tela ne, mutum mai shiru-shiru wanda kekensa ya fi shi surutu. Yayansa kuwa, wanda yara ke kira Baffa, mahaifiyarsu kuma ke kira Babba, shi ne babban gidan, yana da shagon siminti da rodi. Mutum ne mai hannun kyauta, wannan ba a musu. Amma fa Allah bai yi shi da son gyara ba. Idan ya faɗi magana, to ta zauna ke nan.

Sai Kaka, mahaifiyarsu, wadda ke zaune a ɗakin ƙarshe na gidan. Marigayi mijinta ne ya gina ɗakin da hannunsa, ya zuba masa rufin kankare. Ranar da yake shafe dokin ƙofa santsi ya kwashe shi, ya dafa ɗanyen siminti, shatin tafin hannunsa ya zauna a wurin. Bai goge ba. Har yau yana nan, kuma Kaka ba ta taɓa taka shi ba, tsallakewa take yi.

Hutun da ya rage wa Mai Kwano shekara ɗaya ta gama, ta dawo gida ta tarar da bulo jibge a saman ɗakin Kaka, leburori suna ta ƙara hawa da wani. Baffa ne zai ɗora bene, saboda babban ɗansa zai dawo gida da iyalinsa.

Ta nufi ɗakin don ta gaishe da tsohuwar. Ta tura ƙofa, ƙofa ta cije. Sai da ta sa kafaɗa.

"Ke Mai Kwano, a hankali!" in ji Kaka daga kan gado. "Ƙofar nan ta tsufa kamar mai ita. Kwanan nan ta koyi taurin kai."

"Kwanan nan, Kaka? Da ba ta yi?"

"Da kam lafiyarta ƙalau. Zo nan in gan ki. Kai, wannan baƙi da kika yi! Makarantar taku ba ta da rufi ne?"

Mai Kwano ta yi dariya ta durƙusa ta gaishe ta, amma idonta yana kan bango. Wata tsaga ce ta tashi daga kusurwar taga, ta karkace ta yi sama har rufi. Ƙasanta siriri ne, samanta kuwa ɗan yatsa zai shiga. Kuma daidai ƙarƙashinta gadon Kaka yake.

Ta fita ta zagaya bayan ɗakin. A nan ne wurin wanki yake. Bututun famfo yana yoyo, ƙasar da ke jikin bangon ta jiƙe sharkaf, har gansakuka ta fito.

Da yamma ta sami Baffa a tsakar gida yana zaune da magini da wasu abokansa. Ta durƙusa gefe.

"Baffa, ka yi haƙuri, ina da magana kan ɗakin Kaka. Ina jin bangon nan yana nutsewa. Ruwa ya tausasa ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ga kuma nauyin bulo an ƙara masa."

Baffa ya dube ta, ya dubi abokansa, sai ya fashe da dariya.

"Kun ji injiniya ko? Yarinya, ina sayar da siminti tun kafin a haifi hularki. Tsohonmu ya zuba rufin kankare ne don wata rana a ɗora bene. Tsagar filasta ce kawai, gobe a shafe ta."

Magini ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi fuskar mai aikin, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Ran Mai Kwano ya ɓaci. Duk abin da ta karanta ya taso mata har maƙogwaro, tana son ta zazzage masa shi a gaban kowa. Sai ta hango mahaifinta a bakin shagonsa da almakashi a hannu, yana girgiza mata kai a hankali. Ta haɗiye.

Daga baya ya ce mata, "Ki bi a sannu, 'yata. Yayana ne. Idan kika kunyata shi a gaban mutane, ko bangon ne ya faɗo masa a ka cewa zai yi shi ya ture shi."

"To Baba, in zuba ido Kaka tana kwana a ƙarƙashinsa?"

"Ban ce ki zuba ido ba. Cewa na yi ki nemi hanya."

Ta kwana da maganar a ranta. Sai ta tuna wani malaminsu, wanda ɗalibai ke kira Dakta. Ya taɓa gaya musu a aji cewa tsaga iri biyu ce. Akwai wadda ta tsaya, akwai wadda ke ci gaba da buɗewa, kuma ido ba ya bambance su. Ya nuna musu wata tsohuwar dabara mai sauƙi ta ganewa.

Washegari ta je wurin mai yankan gilashi, ta roƙi ragowar da yake zubarwa. Ya yanka mata sirara, kowanne tsawon ɗan yatsa. Ta kankare filastar gefen tsagar, ta gicciya gilashi a kanta, ta manne bakinsa biyu da siminti, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ta sa ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiya, ta hau tsani ta sa na uku can kusa da rufi.

Kaka tana kallonta. "Yanzu kuma ado kike yi wa bangon? Da kin sa masa madubi in riƙa duba fuskata."

Labari ya kai wa Baffa, ya zo da kansa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wannan kuma wane sabon salo ne?"

"Baffa, ni yarinya ce, zan iya yin kuskure," in ji ta. "Shi ya sa na ce a bar bangon ya nuna da kansa. Idan a tsaye yake, gilashin nan zai zauna lafiya. Idan yana motsi, ko da kaurin farce ne, zai karye."

"In bai karye ba fa?"

"Ranar da magini zai fara aiki, ni ma zan ɗauki bulo a ka in hau da shi."

Baffa ya yi dariya har da tafa hannu. Abin ya yi masa daɗi.

"Na yarda! In kuwa ya karye, ni da kaina zan sauko da bulon nan."

Magini yana da wani aiki da zai ƙarasa kafin ya fara nasu, don haka aka sami lokacin jira. Mai Kwano ta roƙi Kaka ta koma ɗakin surukarta, matar tela, kafin nan. Kaka ta ce ko da wasa. Da ƙyar ta yarda aka ja gadon zuwa ɗaya bangon.

Kullum da safe Mai Kwano takan shiga gaisuwa, ta dubi gilasan. Kullum suna nan lafiya. Baffa kuwa duk inda ya gan ta sai ya ce, "Injiniya, a fara motsa wuya, bulo yana da nauyi." Yaran gida suka ɗauka, har waƙa suka yi mata. Ita kanta ta fara shakka, tana tambayar zuciyarta ko rawar kai ne ya kwashe ta.

Wata safiya ta shiga ta tarar an rataya zane a bangon, ya rufe tsagar ruf. Kaka tana zaune tana jan carbi, kuma yau ba ta tsokane ta ba.

"Kaka, wa ya rataya wannan?"

"Ni ce. Tsagar ce ke damun idona."

Mai Kwano ta ɗaga zanen a hankali. Gilashin ƙasa ya rabu biyu. Na tsakiya ma haka.

Ta juyo. Idon tsohuwar ya cika da hawaye.

"Jiya da rana ina kishingiɗe na ji ƙas," in ji Kaka. "Sai na sake jin ƙas. Zo nan, jikata. Ai kina da sauran gilashin, na gani a jakarki. Ki cire waɗannan ki sa sababbi. Babu wanda zai sani."

"Haba Kaka."

"Ki saurare ni. Idan Babba ya ji, rushe ɗakin zai yi, na san halin ɗana. A nan na haifi ubanki. A nan kakanki ya cika, kansa a kan cinyata. Ga hannunsa can a bakin ƙofa. In aka rushe, me ya rage mini?"

Jama'a, wannan ita ce jarrabawar da ba a koyarwa a aji. Gardama da Baffa abu ne mai sauƙi. Amma tsohuwar da ta goya ki tana kuka tana roƙonki, wannan ya fi kankare nauyi. Mai Kwano ta ji tausayi ya kama ta.

Ta zauna a ƙasa, ta riƙe ƙafafun Kaka.

"Kaka, in na sa sabon gilashi, bangon ba zai daina motsi ba. Za a ɗora bene, ɗakin ya zo ƙasa kina ciki. Mu rasa ɗakin, mu rasa ki. Wannan ba zan iya ba, ko za ki yi fushi da ni har abada."

Kaka ta kawar da kai.

"Amma ki ji," Mai Kwano ta ci gaba. "An koya mana yadda ake ƙarfafa gini daga ƙasa ba tare da an rushe shi ba. Ban gama karatu ba, ba zan yi miki alkawarin abin da ban tabbatar ba. Abin da zan iya yi miki alkawari shi ne, babu mai ɗaga guduma a ɗakin nan sai ya fara ture ni."

Tsohuwar ta ajiye carbinta. Can ta goge ido da bakin mayafi.

"Taurin kan nan naki, na kakanki ne sak. Je ki kira mini Babba."

Baffa ya zo, ya dubi gilasan biyu, ya taɓe baki.

"Yara ne. Wani ya jefa ƙwallo."

"Babu yaron da ya shigo," in ji Kaka. "Ni na rufe da zane don kada ka gani."

Wannan ta sa ya yi turus. Mai Kwano ta ɗauko tsani ta jingina masa. Ya tattare riga ya hau, ya kai fuskarsa kusa da gilashi na uku, wanda hannun yaro ba ya kaiwa.

Shi ma ya karye. Baffa ya shafa da babban yatsansa, ya ji gaɓa. Ɓarin da ke gefen wurin wanki ya yi ƙasa, ɗayan yana sama, bakinsu ya daina haɗuwa. Ya danna, ya sake dannawa, suka ƙi daidaita.

Daga saman tsanin ya dubi ƙasa. Ya ga shatin ƙafafun gado a daɓe, inda mahaifiyarsa ta yi shekaru tana kwana. Garin filasta ya zuba fari fat a daidai inda matashinta yake a da.

Ya sauko daga tsanin.

"Inna, fito. Don Allah fito yanzu."

Da kansa ya riƙe hannunta ya kai ta inuwa. Sannan ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa ƙanensa, ya hau saman ɗakin, ya sunkuci bulo. Leburori suka ruga za su karɓa, ya ce, "Ku ɗauki naku, wannan nawa ne. Na yi alkawari." Ranar gidan kaf ya fito kallo, amma babu wanda ya yi dariya.

Da aka gama saukewa, ya tsaya yana haki, gumi har ƙafa.

"Gobe a rushe shi," ya ce. "In gina mata sabo fil, da tayil da komai."

Kaka ta dubi jikarta. Mai Kwano ta matso ta durƙusa.

"Baffa, ka yi haƙuri, zan sake magana. Ka bari malaminmu ya zo ya duba tukuna. Ina ganin ɗakin nan zai gyaru."

Kowa yana jiran tsawa. Baffa ya dube ta, ya dubi dokin ƙofar da hannun ubansa ke kai.

"Kira shi," ya ce.

Dakta ya zo da 'yar jakarsa. Ya sa aka tokare rufin da ƙarafa, aka haƙa rami a jikin bangon ta baya. Harsashin bai yi zurfi ba, na ɗaki ɗaya ne ba na bene ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuwa ta zama taɓo. Ya ce da an ɗora benen nan, da sai dai a yi ta salati. Sannan ya shiga ciki ya ga gilasan.

"Wa ya sa waɗannan?"

Kafin kowa ya buɗe baki Baffa ya dafa ƙirji.

"'Yata ce, ranka ya daɗe. 'Yata ce ta cikina!"

Tela ya yi gyaran murya. "Yaya, makon jiya dai tawa ce ni kaɗai."

Aka kwashe da dariya, har da Baffan.

Dakta ya zana yadda za a yi aikin, ya ce ɗalibarsa ta tsaya a kai, shi zai riƙa leƙowa. Aka gyara bututu, aka mayar da wurin wanki nesa. Aka riƙa haƙa ƙarƙashin harsashin gaɓa-gaɓa, ba a taɓa buɗe shi gaba ɗaya ba. A haƙa nan, a ɗaure rodi, a zuba kankare, a yi ta ba shi ruwa har ya yi ƙarfi, sannan a matsa gaba. Dokin ƙofar kuwa da katako Mai Kwano ta rufe shi, ta ce duk wanda ya ajiye shebur a kai ita da shi ne.

Tana tsaye da rawayar hularta tana duba kwaɓi, maginin da a haife ya haife ta yana tambayarta, "Injiniya, ya yi haka?" Shi ma ya nuna mata dabarun hannu da ba ta sani ba, ta karɓa da godiya. Baffa kuwa da kansa yake kawo siminti, kuma idan abokansa suka ba da shawara sai ya ce, "Ku bari a tambayi mai abin." Benen ɗansa a wani gefen gidan aka gina shi, bisa sabon harsashi.

Ranar da Kaka za ta koma ɗakinta, ta tura ƙofa da yatsa ɗaya, ƙofa ta buɗe. Mai Kwano ta manna sabon gilashi guda a inda tsagar take a da, ta koma makaranta. Duk lokacin da ta kira gida, kafin a gama gaisuwa Kaka za ta ƙwace wayar ta ce, "Gilashinki yana nan lafiya. Ke fa, kina cin abinci?"

Ranar bikin kammala karatu, da aka kira Mai Kwano, Baffa ya miƙe a tsakiyar zauren yana ɗaga hannu har sai da na bayansa suka ja masa riga. Tela kuwa hularsa ya cire yana goge ido da ita. Da suka fito, Baffa ya miƙa mata wani kwali. Farar hular kwano ce a ciki, irin ta injiniyoyi.

Da suka iso gida, Kaka tana zaune a bakin ƙofarta tana jira. Ta sa jikarta ta durƙusa, ta kama hannunta mai kanta, ta ɗora shi cikin shatin hannun marigayi.

"Shi ya gina," ta ce. "Ke kika riƙe. Da yana nan, da yau garin nan bai ishe shi yawo da ke ba."

Hawaye suka zubo wa Mai Kwano. Kaka ta ɗauki farar hular ta kifa a kanta bisa ɗankwali, ta ce a ɗauke su hoto a haka.

Gilashin yana nan a bangon har yau, bai karye ba. Duk baƙon da ya shiga ɗakin sai Kaka ta nuna masa, ta ba shi labarin tun daga farko, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Darasi: Ilimin da aka haɗa da ladabi da haƙuri yana shiga inda gardama ba ta shiga. Idan kana da gaskiya, ba sai ka kunyata na gaba da kai ba, ka nemi hanyar da zai gani da idonsa. Kada kuma tausayi ya sa ka ɓoye haɗari ga wanda kake ƙauna. Iyaye, ku saurari 'ya'yan da kuka tura karatu, domin ku suka je koyowa. Ku tura wannan labari ga ɗalibai da iyayensu, wataƙila ya ceci wani gida.